Marubuci, fara tsayar da fage kafin ka nemi salo

Yawancin masu fara rubutu na ƙashin kansu sun fi damuwa da salo tun ba su san abin da za su riƙa magana a kai ba. A ganina nan kuskuren yake. Salo ba ya samuwa sai mutum ya daɗe yana rubutu a kan abin da ya sani, yana kuma fuskantar mai karatun da ya sani.

Gwajin fage, wato batun da za ka riƙa rubutu a kai, mai sauƙi ne. Ɗauki takarda, ka ba kanka minti 30, ka jera kanun rubutu 20. Idan ka kafe a na shida ko na bakwai, sha'awar abin kake yi amma saninka bai kai ba, sai ka ƙara karatu ko ka sauya. Idan kuwa ashirin ɗin sun fito amma babu abin da ya haɗa su, wannan siyasa, wancan lafiya, na gaba wasanni, to fagen ya yi faɗi, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Rage shi. Maimakon "ilimi", ka ce "yadda iyaye za su taimaki yaro ya iya karatu a gida". Mutane na tsoron magana za ta ƙare idan sun taƙaita, alhali taƙaitawar ce ke fito da ƙananan tambayoyin da babu wanda ya amsa.

Daga nan ka cika wannan jimla: ina rubuta wa wane, a kan kaza, domin ya iya kaza. Mutum guda nake nufi. Shi ne zai nuna maka kalmar da ke bukatar bayani da wadda za ka wuce. Wanda ke rubuta wa kowa da kowa yakan bayyana komai, ya guji ɗaukar matsaya, rubutunsa ya fito babu mai shi.

Muryarka kuwa, wato salonka, tana bakinka tun tuni, a takarda take ɓacewa. Kunna abin naɗar murya na wayarka, ka yi bayanin batun na minti uku kamar ga aboki, sannan ka kwatanta da abin da ka rubuta. Duk inda na bakin ya fi fita, shi za ka ɗauka. Karanta rubutun a bayyane: inda numfashi ya yanke, jimlar ta yi tsawo, raba ta biyu. Gwada goge sakin layi na farko, domin sau da yawa share fage ne kawai. Kwaikwayon gwani yana da amfani wajen koyo, amma ba ya ɗorewa, saboda salonsa daga saninsa ya tsiro, kai kuma ba ka da wannan sanin.

Kada ka ɗora wa kanka rubutun kullum, gajiya ce ke kashe shi. Sau ɗaya a mako, kalma 500 zuwa 700, ya wadatar, kuma ka ajiye guda uku a shirye kafin ka fitar da na farko.

Bayan rubutu goma, sake karanta su a zama ɗaya. Kada guda ɗaya da ya yi farin jini ya janye ka daga hanya, wataƙila da labarin ranar ya dace. Ka fi lura da waɗanda suka zo maka da sauƙi, kuma masu karatu suka biyo su da tambaya. Daga cikinsu za ka ciro kanun goma na gaba.