Kwalara: rigakafi ya yi ƙaranci, amma ba nan gizo ke saƙa ba

Annobar kwalara da duniya ke fama da ita yanzu ita ce ta bakwai, kuma tun 1961 ta taso daga Indonesiya. Ta shigo Afirka a 1970, ta ɓulla a Peru a 1991, har yau ba ta kau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.3 zuwa miliyan 4 ne ke kamuwa duk shekara, tsakanin 21,000 da 143,000 kuma su rasu. Faɗin wannan tazara ma abin dubawa ne. Marasa lafiya da yawa ba sa kai wa asibiti, wasu gwamnatocin kuma kan ɓoye sunan cutar, su ce gudawa ce kawai, don gudun kada baƙi da 'yan kasuwa su ƙaurace musu.

Yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, amma suna fitar da ita a bayan gida na tsawon kwanaki. Saboda haka babu iyakar da za ta tare ta. Sai dai zuwa daban, zama daban. Matafiyi kan shiga da ita Turai, ta tsaya a kansa, domin najasa ba ta haɗuwa da ruwan sha a can. A Haiti kuwa, bayan girgizar ƙasar 2010, cutar ta shigo ta sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, ta bi kogi, ta kama mutum sama da 800,000, ta kashe kusan 10,000. Sai a ƙarshen 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar na lokacin, ya nemi gafarar mutanen Haiti.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1854 likita John Snow ya gano cewa famfon wata unguwa a Landan ne ke kashe mutane. Maganin ma ba mai tsada ba ne: ruwan gishiri da sukari na ceto mafi yawan masu amai da gudawa, kuma idan kulawa ta zo da wuri, mace-mace ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Duk da haka, kusan kullum maganar rigakafi ake yi. A Oktoban 2022 ya yi ƙaranci har aka koma ba mutum sau ɗaya maimakon sau biyu. Ban raina rigakafi ba. A Yaman, inda waɗanda ake zargin sun kamu suka haura miliyan ɗaya a 2017, wa zai shimfiɗa bututun ruwa ana ruwan bama-bamai? Amma Malawi da Zambiya ba yaƙi suke ba lokacin da cutar ta yi musu ɓarna a 2023 da 2024, har aka mayar da filin wasa a Lusaka wurin jinya. Abin da nake gani shi ne, masu ba da tallafi sun fi son abin da za su ƙirga cikin wata uku su rubuta a rahoto. Bututu da masai kuwa aikin shekaru ne, kuma ba sa jawo masu ɗaukar hoto.

A 2017 aka ɗauki alkawarin rage mace-macen kwalara da kashi 90 cikin ɗari kafin 2030. Kariyar rigakafin da aka ba mutum sau ɗaya ba ta daɗewa, don haka wanda aka ba bana, matuƙar ruwan da yake sha bai canja ba, sai an sake nemo masa wani kafin wa'adin ya cika.