Binciken jigilar kaya ya raja'a kan na'ura, ya bar batun yarda a baya

Wanda ya bi diddigin binciken da ake yi kan jigilar kaya ta hanyar intanet a 'yan shekarun nan zai tarar da batutuwa kaɗan ne ke ta dawowa: ƙirƙirarriyar basira mai hasashen yawan kayan da kasuwa za ta nema, da na'urorin da ake maƙala wa kwantena don a san inda take da zafin cikinta, sai kuma fasahar bulokcen, wato rumbun bayanai na kwamfuta da ɓangarori da yawa ke riƙe da kwafinsa tare, ta yadda da wuya wani ya sauya abin da aka shigar. Tun da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana 6 a Maris 2021, aka ƙara da batun yadda kaya za su ci gaba da tafiya idan hanya ta yanke. Babu na yarwa a cikinsu, amma a ganina an fi zuba ƙarfi a inda aikin ya fi sauƙi.

A 2018 kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM suka kafa TradeLens, dandalin bulokcen da aka so kamfanonin jiragen ruwa da tashoshi da jami'an kwastam su riƙa ganin bayanan kaya wuri guda. A Nuwamba 2022 suka sanar da rufe shi, suna cewa ba su samu cikakken haɗin kan masu harkar ba. Manhajar tana aiki, yarda ce ta yi ƙaranci, domin kamfanin da ya zuba bayanan abokan cinikinsa a dandalin da babban abokin hamayyarsa ke da hannu a ciki zai ji kamar ya ba kura ajiyar nama ne.

Haka zancen yake ga takardar shaidar lodi, wadda mai riƙe da ita shi ke da ikon karɓar kaya. Har yau jirgi kan iso tasha ya sauke, alhali takardar tana cikin ambulan a hannun masu kai saƙo. Fasahar mayar da ita ta kwamfuta ta daɗe da samuwa, doka ce ta yi nawa: Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da samfurin doka a 2017, Birtaniya kuwa sai a 2023 ta ba irin wannan takarda matsayin ta hannu.

Nan ya kamata bincike ya dage, ya fayyace wanda zai ɗauki asara idan bayanin da aka shigar ya zama ƙarya, da yadda mai manyan motoci biyu zai shiga tsarin da aka gina wa masu dubbai. A Fabrairu 2023 manyan kamfanonin jiragen ruwa 9 sun yi alƙawarin komawa takardar kwamfuta gaba ɗaya nan da 2030, sai dai alƙawarin bai ɗaure bankin da zai biya kuɗin kayan ba, bai kuma ɗaure jami'in kwastam da zai sake su ba.