Bireka ba ta faɗuwa haka kawai

Jiya wani mai jirgin ruwa, dattijo da furfurarsa, ya kira mai gyaran wuta saboda birekar famfon kwashe ruwa tana ta faɗuwa a allon wutar jirginsa. Bireka ita ce makunnin da ke katse wuta da kansa idan wutar da ake ja ta wuce lambar amfiyar da ke jikinsa. Mai gyaran ya zo, ko mita bai ciro daga jaka ba. Ya kwance bireka mai amfiya 10, ya ɗaura mai amfiya 30, ya miƙo hannu a sallame shi. Dattijon ya ce, "Malam, ba za ka auna ka ga abin da ke kayar da ita ba?" Ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai ne mai gyara ko ni? Yanzu tana faɗuwa?" Dattijon ya ce ai wayar siririya ce. Sai ya ja tsaki, ya ce, "Da ka iya, me ya sa ka kira ni?" A gaban yaran jirgi aka yi wannan wulaƙanci, kuma dattijon ne da gaskiya.

Shekara da shekaru masu jirage suna shan wannan. Wayar da ke bayanta bireka take karewa. Waya mai kaurin milimita 1.5 ba za ta ɗauki amfiya 30 ba. Idan famfo ya maƙale, wayar za ta yi zafi, robarta ta narke, bireka kuwa tana zaune ba ta motsa ba. Gobara ke nan a tsakiyar ruwa, kusa da tankin mai, babu wurin gudu.

Kuma binciken ba wuya gare shi ba. Yadda take faɗuwa ma ya isa ya nuna hanya. In ana ɗaga ta ta faɗi nan take, wayar wuta ce ta haɗu da ta dawowa, galibi inda waya ta ratsa bangon jirgi girgizar inji ta goge mata roba. A cire na'urar daga layin a sake ɗagawa: in ta sake faɗuwa laifin waya ne, in ta tsaya laifin na'ura ne. In kuwa sai bayan minti biyar ko goma take faɗuwa, lodi ne ya yi yawa, sai a maƙala mitar auna amfiya a wayar a gani. Lissafin ba ɓoyayye ba ne, na'ura mai wat 120 a kan batir mai 12V amfiya 10 take ja. Famfon kwashe ruwa kuwa, da zarar tsumma, gashi ko guntun igiya ya naɗe farfelarsa, sai ya ja wuta fiye da ƙa'ida. Buɗe shi a wanke shi ne maganin, ba ya cin minti goma.

Akwai wanda masu gaggawa ba sa dubawa sam: sukurun bayan bireka. Danshi da gishiri suna sa bakin waya ya yi kore, sukuru ya saki, wurin ya ɗau zafi, zafin ya kayar da bireka ko da lodi bai kai ba. A kashe babban makunnin batir, a yanke bakin da ya ci, a matse sabon kai, a ɗaure tamau. Sai an gama duk wannan ake zargin birekar kanta, kuma mai irin lambarta ake mayarwa.

To wa zai tilasta a yi haka? Hukumomin da ke karɓar kuɗin rajistar jirage, yaushe suka taɓa buɗe allon wuta suka duba? Kowa ya sayi filaya da salatif ya zama mai gyara, babu jarrabawa, babu mai tuhuma. Kasuwa cike da birekar jabu da wayar gida mai sanda ɗaya, wadda girgiza ke karyawa, ana ɗaura ta a jirgin da ke ɗaukar mata da yara. Mu ma da namu laifin, mun fi son a ce mana "a lallaɓa" mu biya kaɗan. Ranar da jirgi ya kama da wuta sai a taru ana cewa tsautsayi ne, alhali wani ne ya ɗaura bireka mai amfiya 30 a kan siririyar waya, ya karɓi kuɗi, ya kuma zagi dattijon da ya tambaye shi.