Saurayin da ya je ya durƙusa a gaban tsofaffi

Jama'a, kwana biyun nan ina ta sauraren wani mawaƙin Ingila mai suna Sam Lee, kuma lamarinsa ya tsaya mini a rai har na kasa yin shiru.

Da an ce waƙar Turawan Ingila, jita da fitilun dandali ne ke faɗo wa yawancinmu a rai. Alhali su ma suna da tasu ta gargajiya, ta manoma da makiyaya da matuƙan jirgin ruwa, wadda ba a san wanda ya fara ta ba, kuma sau da yawa murya ce zalla babu kiɗa. A 1903 wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya ji mai kula da lambu yana rera irinta a ƙauyen Hambridge da ke Somerset, ya zauna ya rubuta. Kafin rasuwarsa a 1924 ya tara kusan 5,000 tsakanin Ingila da Amurka. Yau akwai gida guda a Landan mai sunansa, da ɗakin karatu maƙil da takardu da faya-fayai. Ya yi aiki, ba mai musu. Amma waƙar da ke kwance a takarda iri ne a rumbu, sai an samu mai fita da shi gona.

Sam Lee haifaffen Landan ne, a 1980, kuma bai gaji waƙar nan ba. Yana saurayi ya je ya miƙa kansa ga wani dattijo, Stanley Robertson, mutumin Aberdeen ta Sikotilan, wanda ya daɗe yana aikin gyaran kifi don ya ci abinci. Shekara huɗu yana binsa yana ɗauka daga bakinsa, har dattijon ya rasu a 2009. Duk wanda ya ga yadda ɗan amshi ke bin maigidansa kafin a ba shi baki ya san abin da wannan ke nufi: ka koyi inda ake jan numfashi, ka ji labarin da ya haifi kowane baiti, a yi maka gyara ka haɗiye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne su wane ne suka riƙe waƙoƙin. Robertson daga cikin al'ummar matafiya yake, masu yawo da iyalansu, su da Romani, wata ƙabilar masu yawo irinsu, mutanen da aka daɗe ana kora daga gari zuwa gari ana yi musu kallon banza. Su da aka raina, su ne suka adana kayan gadon ƙasar a bakinsu, a lokacin da masu gari suka watsar. Sam Lee ya bi su har masaukansu a Ingila da Sikotilan da Ayalan, ya zauna da tsofaffi irin su Freda Black, ya naɗi muryoyinsu. Kuma idan zai rera waƙa yakan faɗi bakin wanda ya ji ta. Wannan kaɗai ya isa in girmama shi, domin cin amana ne ka ɗauki waƙar tsohuwa ka tashi da ita kamar a mafarki aka ba ka.

Na san akwai masu ganin ya cika ƙawa, tunda yakan haɗa da kayan kiɗan da tsofaffin ba su taɓa amfani da su ba, har da wani ɗan akwatin iska na Indiya. Ni ban ga laifinsa ba. Kalmomin na nan, karin na nan, kuma da wannan salo faifansa na farko ya shiga jerin masu takarar kyautar Mercury, wadda ake ba faifan waƙa mafi fice a Birtaniya da Ayalan, a 2012, matasan da ba su taɓa jin waƙar kakanninsu ba suka ji.

Duk shekara kuma, tsakanin Afrilu da Mayu, yakan ɗebi mutane kaɗan su shiga daji cikin dare a kudancin Ingila. Akwai wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya da suke kira naitingel, wanda ke cin lokacin sanyi a nan Afirka ta Yamma sannan ya koma can, kuma yawansa ya ragu ƙwarai a Ingila. A yi tafiya ba fitila ba surutu, a zauna kusa da kurmin da yake kuka. Sai Sam Lee ya ɗauko waƙar da ya koya a bakin dattawan nan, ya rera a hankali, tsuntsun na yi yana yi.