Wa za mu tambaya kuɗin tikitin kasuwa?

Tun da hukumomin sojan Nijar suka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi a kujerun magadan gari, wata magana ta samu gindin zama a fadodin shayi na Tahoua: wai gara haka, dama kansila ba abin da ya iya sai karɓar kuɗin zama. Maganar nan tana ci mani tuwo a ƙwarya.

Na ji, cikin kansilolin da aka zaɓa ranar 13 ga Disambar 2020 akwai waɗanda ba a sake ganin ƙeyarsu ba bayan kamfe. To amma kansila ɗan unguwa ne. An san ƙofar gidansa, an san sahun da yake tsayawa a masallaci. In ruwan Agusta ya cika kwata ya afka cikin gidaje, tsohuwa na iya tare shi a wurin suna ta ce, "Ɗan nan, ina alkawarin magudanar ruwa?" Dole ya duƙa ya ba ta amsa, domin gobe zai dawo neman ƙuri'arta. Kantoma fa? Ko da mutumin kirki ne, kuma akwai su, daga Yamai aka sa hannu a takardar naɗinsa, daga can za a sauke shi, saboda haka can kunnensa yake.

Kowace ranar kasuwa mai tumatir da mai albasa suna biyan tikiti. Mai sayar da rago yana biya a kasuwar dabbobi, magidanci yana biyan lanho, wato haraji. Nawa aka tara? Me aka yi da su? A da, a zaman majalisa ake kawo kasafin kuɗin gari, a yi gardama a kansa kafin a amince. Yau in ka yi tambayar, nan take wani zai yi tsalle a WhatsApp ya ce kai ɗan koren Faransa ne, ba ka kishin ƙasa. Haba jama'a! Mutum ya tambayi kuɗin aljihunsa, a saka masa da zagin iyaye?

Masu cewa matsalar tsaro ta hana zaɓe su faɗa mana abin da ya hana a yi shi cikin birnin Tahoua. Kuma sojoji ne, zamanin Salou Djibo, suka kafa dokar ƙananan hukumomi ta 2010, suka shirya zaɓen kansiloli a Janairun 2011 tun kafin na shugaban ƙasa.

An rusa jam'iyyu a Maris 2025, an tsayar wa mulkin soja wa'adin shekara 5. Shekara 5 ba kansila ko ɗaya ta yi yawa. A bar kowace unguwa ta fitar da wakilinta ko ba tutar jam'iyya. Kafin nan, kantoma ya liƙa lissafin kuɗin shiga da na fita a bangon ofishinsa, a karanta shi a rediyo da Hausa da Tamajaq, kuma a bar mutane su kira waya su yi tambaya.