Alƙalamin da ke mayar da gida kasuwa zai iya ceton tsofaffin gidajen Kano

A ranar 11 ga Satumba, 2016, katafila ta rushe wani gida mai suna Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu a tsibirin Legas. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 19 bisa salon da 'yantattun bayin da suka dawo daga Birazil suka zo da shi, kuma tun shekarar 1956 yake cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Shekara 60 yana riƙe da takardar kariya ta tarayya, amma takardar ba ta hana a wayi gari a tarar da tarin ɓaraguzai ba. Na kawo wannan labari ne domin duk lokacin da aka tayar da maganar tsofaffin gidajen Kano, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a kai kuka ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Hukumar tana da nata aikin, kuma Gidan Makama, gidan tarihin da take kula da shi a Kano, shaida ne, sai dai ba ita ce ke sa hannu a takardar izinin gini ba, alhali a kan wannan takarda ake yanke hukuncin ko gida zai tsaya ko zai faɗi.

Wannan iko yana hannun jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, sannan a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta tabbatar da cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Kullum kuwa ana amfani da ikon, amma ta fuska ɗaya. Mai gida ya nemi a canza manufar filinsa daga wurin zama zuwa na kasuwanci, ya biya abin da aka yanka masa, a ba shi takarda, bayan 'yan watanni a ga jerin shaguna a inda dā gida da itatuwa suke. Duk wanda ya san unguwar Nassarawa ta Kano shekaru 20 da suka wuce ya ga yadda hakan ya sauya mata kama. Ra'ayina shi ne, alƙalamin da ke iya rubuta cewa wannan fili ya zama na kasuwa, yana iya rubuta cewa wancan gida na tarihi ne, ba a rushe shi, ba a kuma sauya fuskarsa sai da izini na musamman.

Birane da yawa a Amurka haka suke yi. A birnin Austin na jihar Texas, gidan da ya kai shekara 50 kuma yake da wata daraja ta gini ko ta tarihi, ana ƙara wa rajistar filinsa alamar tarihi, bayan maganar ta bi ta kwamitin kayan tarihi, da kwamitin tsara birni, ta ƙare a majalisar birnin, kowane mataki a bainar jama'a. Idan mai gidan bai yarda ba, sai an sami rinjaye mai yawa kafin a zartar, idan kuwa an zartar, ana rage masa harajin gida domin ya sami abin gyara. Gidan yana nan a hannunsa, yana iya zama a ciki, ya ba da haya ko ya sayar, amma alamar tana bin filin duk hannun da ya koma.

Ɗauko wannan tsari yadda yake a dasa a cikin ganuwar Kano ba zai yi aiki ba, domin tsohon gida a wurinmu da wuya ya zama na mutum ɗaya. Gidan gado ne. Mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya 15 ko fiye, wasunsu ma sun rasu sun bar nasu, kowa kuma yana da haƙƙin da shari'a ta ba shi. Gida ba ya yankuwa kashi 30, saboda haka sai a yi masa kuɗi, wanda kuwa yake da kuɗin saye galibi fili yake so, ginin ƙasar da ke kai ɗawainiya ce a wurinsa. Ba daidai ba ne a zargi magada da rashin kishin tarihi. Bazawarar da ke jiran tumunin takabarta, da marayan da ke jiran kuɗin makaranta, ba za a ce su haƙura da rabonsu domin baƙi su zo su ɗauki hoton zaure ba. Duk dokar da ta hana rushe gida ba tare da ta tanadi abin da za a ba waɗannan mutane ba, zalunci ce, kuma ba za ta kare gidan ba ma, domin ginin ƙasa ba ya buƙatar katafila. Ya isa a daina yaɓe, a bar indararo ya toshe, damina biyu ko uku su gama aikin.

Saboda haka dole alamar tarihi ta zo da nauyi a kan gwamnati. A yafe wa gidan kuɗin ƙasa, a ware masa kuɗin yaɓe na shekara-shekara kafin saukar ruwa, inda kuma magada suka dage a kan rabo, jiha ko masu hali su saya a farashin kasuwa su mayar da shi wakafi, wanda hanya ce da addini ya san da ita, mutane kuma suka amince da ita, ta tsare dukiya daga sayarwa da gado. Gidan da aka yi wakafinsa yana iya zama makarantar allo, ɗakin karatu ko wurin koyon sana'a, hayar shagon da ke jikinsa ta riƙa ɗaukar gyaransa. Mai unguwa da dagaci su ne suka san gidan da wane malami ya karantar, da wanda fatake suka riƙa sauka, don haka daga wurinsu ya kamata jerin ya fara, kafin ya isa teburin hukumar tsara birane.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato magina. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, yana tsaye ne saboda an ci gaba da samun hannun da ya san tubali da azara da makuba, ya san yadda ake ɗaura baka a ɗora rufin soro, ya san yadda ake fitar da zanko. Wannan ilimi ne irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19, kuma ba a littafi ake koyonsa ba, a bakin aiki ake koya. Yaron magini ba zai zauna a sana'ar da ba ta kawo abinci ba, zai koma bulo da siminti, kuma yana da gaskiya. Gidaje 40 ko 50 da doka ta wajabta a gyara su da kayan asali duk shekara aiki ne tabbatacce da zai riƙe Sarkin Magina da yaransa.

Majalisar dokokin jiha tana iya farawa da abu ɗaya mai sauƙi: kada a ba da izinin rushe ginin ƙasa da ya haura shekara 70 a cikin birni sai an sanar da jama'ar unguwa, an kuma ba da wa'adin wata 3 domin a duba shi, a auna shi, a ji ta bakin magada.