A Daina Yi Wa Silikon Jana'iza Tun Yana Numfashi

Kusan duk shekara sai an watsa labari cewa an gano abin da zai maye gurbin silikon, wato sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar waya da ta kwamfuta da shi. Jama'a su yi ta turawa. Ni kam na daina ruɗuwa da wannan, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ku dubi garafin, wani nau'in kabon da aka yi ta cewa zai gaji silikon. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka ɓare shi daga irin baƙin da ke cikin fensir, da salatif kawai. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya, lantarki na gudu a cikinsa fiye da yadda yake yi a silikon, har aka ba su kyautar Nobel a 2010. To amma taransista, wadda da ire-irenta ake haɗa ƙwaƙwalwar, makunni ce, dole ta kunna kuma ta kashe. Garafin ya iya kunnawa, kashewar ce ta gagara. Shekara ashirin masana suna fama da wannan aibi guda, sai a 2024 wasu a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka nuna wata hanyar gyara shi, ita ma a ɗakin bincike.

Haka jami'ar MIT ta Amurka ta yi a 2019, ta haɗa ƙwaƙwalwa da siraran bututun kabon mai taransista sama da 14,000. Aiki ne na a yaba, wallahi. Sai dai wayar da ke hannunka tana ɗauke da biliyoyi, kuma masana'anta irin TSMC ta Taiwan tana buga su dare da rana, kusan duk suna aiki. Nan gizo ke saƙar: a ƙera abu miliyoyi, iri ɗaya, da araha.

Canjin da na yarda da shi ba ya zuwa da ganga. Ƙananan cajojin nan masu rubutun GaN a jiki, da suke cika waya da sauri ba tare da sun ɗau zafi sosai ba, galiyam naitarayid ne a ciki. Shi ma ɗan gidan su silikon ne, ya karɓi aikin sarrafa wuta, ya bar masa lissafi. Kuma da China ta taƙaita fitar da galiyam a 2023, hankalin Amurka da Turai ya tashi, don ita ke samar da kusan dukkansa.